Ɗinkin Ƙwarya a Wutsiyar Jirgi

Ɗan farina ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma yi masa magana ido da ido. Haka na tarar da iyayena, haka na riƙe, ko da matan unguwarmu ta Dilimi suka fara cewa na cika tsohon yayi. In ina da magana da shi, matarsa nake gaya wa, ko yana zaune a wurin.

A shekarun da soja ke shirin miƙa mulki, yana aikin injuna a wani kamfanin kuza. Ogansa Bature ne, shi ya koya masa wasan jirgi. Ƙaramin jirgin sama ne, bai fi tsawon taɓarya ba, hanci a tsuke irin na yaƙi, ana tuƙa shi daga ƙasa da wani akwati mai eriya. Mutum da gemunsa da 'ya'ya biyu! Wata huɗu ya yi yana haɗa nasa a zaure.

Wutsiyar ce ta ƙi. Da jirgin ya ɗauki gudu sai ta kama karkarwa, ta tsage daidai inda ta haɗu da jiki. Ya shafa gam, ta sake tsagewa. Ya liƙa mata gwangwani, ta yi nauyi, jirgin ya riƙa ɗaga hanci kamar jakin da ya ƙi hanya. Ga shi saura kwana shida shi da ogansa su tayar da jiragensu a gaban manyan kamfani.

Ni kuwa ɗiyar gyartai ce. Ƙwaryar da ubana ya ɗinke, sai dai ta fashe ta wani wurin. Da ya fita aiki na shiga zaure na jujjuya abin a hannuna. Da ya dawo na ce da matarsa, "Ki gaya wa mai jirgi, tsaga ba a rufe ta, tare mata hanya ake yi."

Ta ce, "Inna, ai ga shi nan yana ji."

"Ke na gaya wa."

Ya yi dariya ya ce, "A gaya wa Inna wannan ba ƙwaryar fura ba ce." Amma da gari ya waye na tarar da wutsiyar a ƙofar ɗakina.

Na gasa basilla na huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Na fere bayan gwangwala siriri kamar tsinken tsintsiya, guda biyu, na gitta su a kan mahaɗar. Na murza zare da kakin zuma na bi da ɗinki, ƙanana ƙanana, ina yi ina auna nauyin a tafin hannu. Kwana uku, har idona na ruwa. Shi kuma ya bi da fenti ya rufe.

Matarsa ce ta matsa sai na je. Na ɗaura zanena na saƙi, muka tafi wani fili a hanyar Kuru. Na tsaya can gefe, jikin shingen ƙyarana. Jirgin ya tashi da ƙara kamar ana yanka akuya, ya lula, ya juyo, ya sulalo ƙasa da gudu har na dafe ƙirji, ya sake miƙewa. Wutsiya ko gezau. Wallahi na ji daɗi, sai dai ban bari fuskata ta nuna ba.

Da ya sauka, Baturen ya ɗaga shi ya kankare fentin da farce, ya ga ɗinkin. Da Hausarsa ta bakin ramin kuza ya ce, "Wannan aiki ita yana da kyau. Wane ya yi?"

Ɗana ya amsa da Turanci. Na ga matarsa ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini wai ce masa ya yi a littafi ya gani.

Sai Baturen ya hango ni, ya tako. "Sannu Mama. Kai ne uwansa?"

Yaya zan yi? Uwa ba ta buɗe baki a bainar jama'a ta ce ɗan fari nata ne. Na kawar da kai. Duk Bahaushen da ke wurin ya san abin da shirun nan ke nufi. Amsar a bakin ɗana take, kalma ɗaya tak. Ya dubi zanena, ya dubi matan manya da takalmansu masu tsini, ya ce, "Maƙwabciyarmu ce, ta zo kallo."

Da Hausa ya faɗa. Ko darajar ya ɓoye mini a Turanci ban samu ba.

Bayan sati biyu Baturen ya aiko da wutsiyar nasa jirgin a yi mata irin aikin. Matar ɗana ta kawo mini, tana raɓe-raɓe. Na ce ta mayar, maƙwabciya ba ta gani sosai yanzu. Da la'asar ɗana ya zo da kansa ya durƙusa a bakin ƙofa, ya daɗe. Na juya masa baya ina tsince shinkafa. Ya ce, "Inna, fushi ne ko kunya?"

Na ce da matarsa ta gaya masa ya je ya duba a littafi.