Akwatin Motar Baba

Babanmu direban tirela ne tun kafin a haife ni. A tashar manyan motoci Ba-Zama suke ce masa, domin ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya a kan taya. Da ciwon baya ya ci ƙarfinsa, likita ya ce shi da doguwar hanya sun rabu, sai ya miƙa makulli ya dawo gida. Mu muka ji a jikinmu.

Ya kwance ƙofar banɗaki don wai tana ƙara, ya buɗe rediyon Mama da ba abin da ya same shi. Da ya gama sai ya shiga kai-da-kawo daga falo zuwa bakin ƙofa, hannu a baya.

"Malam, don Allah ka zauna," in ji Mama. "Jiri kake sa ni."

"Ai a zaune nake," ya ce, yana tsaye.

Mijin yayata ne ya kawo dabara. Ya nuna masa wasan tuƙin tirela a ƙaramar kwamfutarsa ta hannu. Da farko Baba ya yi tsaki, ya ce wasan yara ne. Can sai muka ji yana faɗa da wata motar cikin allo da ta sha gabansa ba sigina. Amma kwamfutar ba ta da ƙarfi, ta yi zafi, hoton ya riƙa tsinkewa. Sai surukin nasa ya tattaro tsofaffin kayansa na babbar kwamfuta, har da sitiyari da abin taka birki da totur, da wani dogon katin hoto mai fanka, wanda ke fitar da hoton wasa a allo.

"Baba, abu biyu suka rage," ya ce. "Akwatin da za a zuba kayan, da fawa, wato abin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kowa. Ku bari ranar hutu na raka ku."

Baba bai san jira ba. Washegari da na taso daga aiki a kantin magani, na tarar da shi a bakin titi ya sa hula, yana duba agogo.

Mun zaga layin masu kwamfuta har ƙafata ta yi ciwo. Kowane akwati sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa ya kara kunne. Wannan ƙarfensa kamar gwangwanin madara. Wancan mai gilashi da fitilu kala-kala, ya ce shi ba motar talla zai tuƙa ba. Wani kuma gabansa a toshe yake, ya tambayi mai shi ta ina iska za ta shiga, ko ya taɓa ganin an lulluɓe lagireto da bargo.

A ƙarshe muka shiga shagon wata mata mai tabarau, tana cin gyaɗa a bayan kantar shagon. Baba ya hango wani ɗan ƙaramin baƙin akwati mai raga a gaba, da fawa ɗaure a ciki.

"Baba, kun auno tsawon katin hoton?" ta tambaya.

"'Yata, na shigar da tirela lungun da amalanke ke tsoro. Idona ya auna."

"To fawar nan fa, ban yarda da ita ba. Da akwatin ta zo, lambar da ke jikinta ma ban san gaskiyarta ba. Ta ishi aikin ofis, amma wasa yana jan wuta."

Baba ya riga ya rungumi akwatin ya kai ƙofa.

Katin bai shiga ba. Ya saura kamar faɗin yatsa biyu, wani ƙarfe ya tokare shi. Na ce mu mayar. Kafin na rufe baki ya ɗauko zarto ya zauna a tsakar gida, ya yanke ƙarfen, yana gumi yana murmushi. Rabona da ganin wannan murmushin tun yana aiki. Surukinsa ya zo ya haɗa wayoyi, ya ɗaga fawar ya ji ba nauyi, ya dubi fuskar Baba, ya mayar da ita ya ɗaure.

Kwana kaɗan gidan ya huta. Sai wata rana da la'asar, Baba ya ɗauko lodin katako a cikin wasan yana hawan dutse, ruwan sama na zuba a allo. Ina bayansa ina ninke kaya. Muka ji ɗas! Allon ya yi baƙi, ƙaurin roba ya cika falo.

Na yi sauri na zare waya daga bango. Da na juyo, Baba yana riƙe da sitiyari da hannu biyu, ƙafarsa ta danne birki har ƙasa, ya kasa ɗagawa.

"Baba, wasa ne fa."

"Na sani," ya ce. "Ƙafar ce ba ta sani ba."

Ranar bai zaga ko'ina ba. Ya zauna a kujera har dare, kuma wallahi sai na ga gara zirga-zirgar.

Da safe muka koma wurin mai tabarau da akwatin a buhu. Ba ta ce na faɗa muku ba, kujera kawai ta turo masa. Ta gwada kayan ɗaya bayan ɗaya, Allah ya taimaka fawar ce kaɗai ta ƙone. Ta jero masa fawa guda uku a kan kantar shagon, ta ce a zaɓi wadda ƙarfinta ya ɗara abin da kayan ke buƙata, don kada kullum ta riƙa aiki a wuya, kuma mai yanke wuta da kanta idan abu ya ɓaci. Wannan karon Baba ya yi ta tambaya har ta gaji. Ya ɗauki ta tsakiya. Akwatin kuwa ya ce ba zai canza ba, shi ya yi masa bodi.

Ba zan ce ya warke ba. Bayansa ba ya barinsa ya daɗe a zaune, yakan yi fakin a gefen hanya a cikin wasan, ya kunna fitilar haɗari, ya miƙe ya zaga gidan ya dawo. Idan babbar mota ta wuce a titinmu, har yanzu yana sakin sitiyarin ya leƙa taga.

Jiya na dawo na tarar Mama ta jawo kujera kusa da shi, tana tsince shinkafa a tire, idonta a kan allo.

"Shekara da shekaru ba ka taɓa ɗaukata a motar nan ba," take cewa. "Yau da na shigo kuma kake gudu kamar an biyo ka. Rage, Malam, ga kwana can."

"Na gani."

"Ba ka gani ba."

Ya rage. Da suka wuce kwanar ya ƙara taka totur, ya ce mata ta riƙe tirenta da kyau.