Mai Gadin Filin da Jirgi Ya Daina Sauka

A da, kullum da hantsi Baba Mai Tuta yakan ɗauki tsintsiya da tsohon bokiti, ya bi titin jirgin daga wannan kai zuwa wancan, yana tsince duwatsu, yana tuge ciyawar da ta huda kwalta. Shekara ashirin da uku ke nan rabon da tayar jirgi ta taɓa wurin.

Wani attajiri mai kamfanin auduga ne ya shimfiɗa filin don ƙaramin jirginsa. Baba yana saurayi aka ɗauke shi aiki, shi ke ɗaga jar tuta idan jirgi zai sauka, sunan ya bi shi. Ranar tashi na ƙarshe attajirin ya leƙo ta taga ya ce, "Ka kula da wurin, jibi zan dawo." Jirgin bai isa inda ya nufa ba, ba a kuma tsinci ko ƙusarsa ba. Kamfani ya rufe, magada suka watse, Baba ya zauna.

A wancan lokacin, shirun wurin na daban ne. Da tsakar rana ƙofar rumfar jirgin takan yi kuka ko ganye ba ya motsi. Makiyaya sun rantse sukan ji ƙugin inji yana saukowa, su ɗaga kai, sama fayau. Aka tambayi Baba, ya ce, "Ni ma ina ji. Gani ne dai ban taɓa yi ba."

Can gabas akwai wani fegi da ciyawa ba ta fitowa, shanu na kauce masa. Baba ya kewaye shi da fararen duwatsu, ya hana a ƙyasta ko ashana a kusa. Ya sha faɗin dalili, amma mutane sun fi jin daɗin cewa aljanu yake yi wa gadi.

Da hukuma ta mayar da filin ya zama kasuwa, layin masu tuya ya faɗo daidai kan fegin. Shugabarsu ta kafa murhu, ta jera itace. Baba ya zo ya zauna daram a kan itacen.

"Haba Baba, tashi mana," in ji ta. "Aljanun naka su matsa, mu ma abinci muke nema."

"'Yata, sai dai ki hura wutar a kaina. Tankin man jirgi ne a ƙarƙashinki, ni na riƙe tiyo ranar da aka cika shi."

Aka kira injiniyan hukuma, ya zo ya buɗe takardarsa. "Baba, babu tanki a taswira."

"Ɗana, taswira ba ta nan ranar. Ni ina nan."

Ganin tsoho ba zai gusa ba, injiniyan ya sa a haƙa. Ba a yi nisa ba shebur ya daki ƙarfe, ƙasa ta amsa kamar rijiya. Wani wari ya taso mai sa hawaye. Shugabar masu tuya ta dubi ashanar da ke hannunta, ta ja da baya da sauri. Kwana huɗu motar tanka tana zuƙe abin da ke ciki.

Baba, kai ne ka jure a kira ka mahaukaci har mutane ɗari suka kwana a gidajensu. Kai ne amintaccen da babu mai duba aikinsa, bai kuma rage komai ba. Yau rumfar jirgi ta zama ɗakin ajiyar hatsi, titin ya cika da rumfuna da hayaniya, kuma yawancin masu ciniki ba su san abin da suka tsallake ba.

Idanun Baba sun yi rauni yanzu, 'yarsa ta zo za ta tafi da shi gidanta. Mun gode, Baba, Allah Ya saka maka da alheri. Mu kuma, duk wanda aka damƙa wa amana, ya riƙe ta haka ko an manta da shi. Ku je ku gaishe shi tun yana gane murya.