Aladun Dajin Kawuna da Doyar Maƙwabci

Shekarun baya, lokacin ina gyaran babur a unguwar Sabonjida a Tamale, kawuna Alhaji ya kwanta da ciwon ƙafa, sai ya ɗora mini kula da wani fili nasa can bayan gari, tafiyar sa'a guda daga Tamale. Fili ne da ya ƙi nomawa. Ya bar kaɗanya da ɗorawa suka girma, ya haƙa tafki a tsakiya, ya hana kowa shiga da bindiga. Zabin daji da makwarwa da gada duk a nan suke shan ruwa. Aikina shi ne in share hanyar tare gobara kafin ciyawa ta bushe, in gyara bakin tafkin, in kawo masa labari.

Shekarata ta biyu aladun daji suka samu wurin. Da farko bakin tafkin suka riƙa rushewa suna birgima a laka. Daga baya suka tsallaka gonar maƙwabcinmu, wani dattijo Badagombe, suka tone masa kunyoyin doya.

Ya tare ni a hanya ya ja ni har gonar. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗan Alhaji, duba da idonka. Wannan doya ne iyalina zai ci. Ka gaya ma kawunka, in bai yi wani abu ba, ni zan sa wuta ma dajin."

Ni kuwa ɗan birni, na ce masa sati ɗaya ya isa. Na kawo waya na zagaye iyakar. Suka haƙa ta ƙarƙashi. Na rataya tsummokin da na jiƙa da baƙin mai da barkono. Ni ne na wuni ina atishawa, su ko a jikinsu.

Wata safiya muka bi sawunsu ni da dattijon har bakin wani rami. Na durƙusa ina leƙawa kamar mai duba injin. Ya kama wuyan rigata ya fizge ni gefe.

"Da baya yake shiga, da haƙori yake fita," in ji shi.

Bai rufe baki ba wani ƙato ya fito a guje, wutsiya a tsaye, ya bi ta daidai inda fuskata take. Na zauna a ƙasa na jima ban tashi ba.

Da na koma gida na kwashe komai na gaya wa kawu, har da maganar wutar. Na zaci zai ce in kai ƙara wurin sarkin ƙauyen. Ya murza gwiwarsa.

"Doyar nawa ta rage masa?"

"Ba ta kai rabi ba, Kawu."

"To ka nemo maharba. Su rage manyan. Uwar da ke da 'ya'ya kada a taɓa ta. Kai kuma ka ajiye wayar shingen nan, ka ɗauki diga."

Shekara ashirin bai yarda an harba bindiga a filin ba. Yana faɗa yana kallon bango.

Maharban daga wani ƙauye suka zo, mutanen da suke cin naman, suka kashe uku suka ɗauke abinsu. Ni da dattijon muka yi wata guda muna haƙa rami mai zurfi a tsawon iyakar, hannuwana duk suka yi kanta. Ɓarnar ba ta ƙare gaba ɗaya ba, amma ta ragu har ya daina maganar wuta. Da ya tone doyar da ta tsira, ya ɗaure guda biyar a bayan babur ɗina ya ce in kai wa Alhaji.

Kawu ya rasu bayan shekara biyu, filin yana hannuna har yau. A da ina ganin kula da daji shi ne ka hana kowa taɓa shi. Yanzu duk lokacin da na je, gonar maƙwabci nake fara zagawa kafin in kalli tafkin, domin in ya kwana da yunwa, wuta zai sa wa dajin, ko zabuwa ɗaya ba za ta rage a wurin ba.