Kawu Bala da Kaset ɗin 'Yan Kwalli

Duk wanda ya taɓa hawa bas ɗin ma'aikatan asibitinmu daga unguwar Malaz ta birnin Riyad ya san Kawu Bala ba ya tayar da mota sai ya rangaɗa kwalli. A madubin gefe yake yi, a tsanake, likitoci na zaune suna duba agogo. Sai ya gyara ƙyallen nan mai zanen damisa a wuya, ya ce, "Yalla, bismillah," sannan ya tura kaset.

Kaset ɗaya fa, jama'a! Shekara ashirin da ɗoriya! A kasuwar gwanjo ya tsinto shi, na waɗansu Turawa huɗu masu gashi buzu-buzu da ɗamammen wando, ido raɗau da kwalli. Sunansu ya goge, shi ya sa ya raɗa musu 'Yan Kwalli. Kiɗan rok ne, jita na ƙara kamar ana yankan kwano. Wai waƙa tara suka yi a duniya suka watse.

Da na zo Riyad aikin jinya, ni ɗan ƙanwarsa, na ce, "Kawu, don Allah me kake ji a wannan hayaniyar?"

Ya ce, "Kai dai ba ka da kunne. Matsiyata ne waɗannan, ko abincin rana ba su ci ba, amma ji taƙama kamar su suka gina garin! Ni direba ne a ƙasar mutane, kowa aike na yake yi. In na sa wannan, minti arba'in ba wanda ya fi ni."

"To me ya raba su?"

"Sun gama ne! So kake su tsufa su yi tumbi?"

Alhaji Sule na ɗakin gwajin jini ya taɓa yi masa nasiha. "Bala, kwallin nan ya yi yawa." Kawu ya ce sunna ce. Alhaji ya nuna hoton kaset. "Har na waɗannan?" Kawu ko kallonsa bai yi ba ya ce, "Ai shiriya ce, Alhaji. Ta ido ta fara kama su."

Sau uku mudir, shugaban sashenmu, yana ba Kawu sabuwar bas. Sai ya leƙa, ya ga ba ramin kaset, ya miƙa makulli. "Ba ta da lafiya." Mudir ya ce sabuwa ce dal. Kawu ya ce, "Ba ta da baki." Haka muka ci gaba da gasuwa a tsohuwar akwala saboda Turawan da ba su san da zamanmu ba.

Abu ɗaya ke ci masa rai: bai taɓa ƙure ƙarar ba. Ƙasa-ƙasa yake sawa, don tsoron kada a taɓa masa iƙama, takardar zamansa. Kullum yana cewa, "Kafin in bar garin nan sai 'Yan Kwalli sun yi ihu, ko sau ɗaya."

Ranar walimar sallamarsa, bayan la'asar, a wani gidan shaƙatawa wajen unguwar Badi'a, muna cikin cin shinkafa da rago sai ga akwala ta kutso har tsakar gida. Kawu ya diro: kwalli ninki biyu, ƙyallen damisa, ga gashin dokin matarsa Hajiya Talatu a kan sanƙo! Hajiya ta saki cokali. "Na shiga uku! Malam, kayana ne!"

Kawu ya dubi mudir. "Yau kam ba ka da abin karɓewa." Ya buɗe ƙofofi duka, ya murɗa ƙara har ƙarshe.

Wallahi gilasai rawa suka yi. Kawu ya ɗauki tsintsiya ya mayar da ita jita. Amma ana tsakiyar waƙa ta biyu, ƙyat! Zaren kaset ya tsinke. Tsit. Na ga fuskarsa, kuma ban taɓa tausaya wa mutum irin na ranar ba.

Sai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin ta ɗora daga inda aka tsaya. Wani likita ya amsa. Ashe duk mun haddace! Shekaru muna zagin kiɗan nan, ashe ya zauna mana daram a ka. Ba wanda ya san kalmomin, kowa gwalantunsa yake yi. Alhaji Sule, mai nasiha, shi ne ya yi kukan jitar da baki, yana buga faranti. Mudir har da tafi.

Kawu ya ɗaga tsintsiya sama, hawaye na wanke kwalli har gemu, yana ihu, "Ƙara! A ƙure!" Muka ƙure, sai da muka kai waƙa ta tara.

Wata takwas da komawarsa gida Allah Ya karɓi abinsa. Tsinkakken kaset ɗin yana wurina, kuma ba zan gyara ba. Yanzu sabuwar bas muke hawa, ga sanyi, ga shiru, kuma ba mai son shirun nan a cikinmu.

Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya yafe masa kurakuransa. Kawu ya kai mu wurin aiki lafiya shekara da shekaru. Ya Allah, Ka kai shi gida lafiya. Amin.