Jar Takardar Tomeji

Wuƙar aljihu guda sai ta ratsa gida shida a unguwarmu kafin ta shiga kwali. Gidan farko su yanki ƙarfe, na biyu su gasa shi, na uku su wasa, na huɗu su fere ƙota. Na biyar gidan Ozeki Tomeji ne, mai buga ƙusar da wuƙa take naɗewa a kanta, wadda mu a unguwa muke kira gwiwa. Ta shida ni ce, Kikue, mai dubawa, in shafa mai, in rufe kwali. Shekara talatin da ɗaya ina karɓar aikin Tomeji, na san hannunsa fiye da yadda na san fuskarsa.

Ɗakin aikinsa faɗin tabarma uku ne kacal, taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabci take kallo. Yana da shekara goma sha shida ya zauna a wurin. Aikin jirgin ruwa ya so yi, sai wansa ya riga shi gudu, ya tafi birnin Nagoya harhaɗa motoci, gudumar gado ta faɗo hannun ƙaramin. Ban taɓa jin ya ce yana son aikin ba, ban kuma taɓa jin ya ce ba ya so ba.

Amma fa ya iya. Masu zuwa garinmu Seki sayen wuƙa kaifi suke dubawa, su aske gashin hannu suna washe baki. Ni haushi suke ba ni, don ko ɗan koyo yana iya sa kaifi. A gwiwa ake gane aiki. Tomeji yakan saƙa 'yar siririyar takardar nan da ake kira Mino tsakanin ruwan wuƙa da ƙota, ya buga ƙusa sau uku, na huɗu ya shafa ta kawai da guduma, sannan ya zare takardar. Wannan ɗan sararin da takarda ta bari shi ne ran wuƙar. In ka naɗe ta, ruwan zai kwanta a tsakiya daidai, bai jingina dama ba, bai jingina hagu ba. In ka kifa ta ka girgiza, ba za ta buɗe ba, amma farcen tsohuwa zai buɗe ta. Tana kaiwa rabi sai ta ɗan tsaya, don yatsa ya samu ya kauce, sannan ta rufe da ƙara guda: tak. Da ido a rufe nake dubawa, kunne ya ishe ni.

Matarsa Fusae ciwon ƙirji ya kama ta. Sanyin da ke gangarowa daga duwatsu ya fi ƙarfinta, sai 'yarsu ta ɗauke ta zuwa Miyazaki, inda ake da ɗumi. An ce hunturu ɗaya za ta yi. Daga baya likita ya ce kada ta kuskura ta dawo. Tomeji yana da saba'in da biyu a lokacin, shi kaɗai a gida, yana dafa shinkafar kwana uku a tukunya ɗaya. Kowa ya san hankalinsa yana wurinta.

Sai dai a unguwarmu ba a cewa na daina. In gida ɗaya ya cire hannu, biyar sun zauna, don ba wani mai buga gwiwa da ya rage, matasa duk sun watse. Wanda ya fara ajiye guduma da kansa, har jikokinsa za a riƙa cewa gidansu ne ya kashe unguwa. Ƙofar fita ɗaya ce. In aikin mutum ya lalace, mai dubawa ta liƙa jar takarda a kwalinsa ta mayar. In aka yi haka sau uku, wakilin kamfanin da ke ba mu aiki zai zo da kwalin alewa, ya rusuna, ya ce an gode, tsufa ya zo, a huta. Ba wanda zai zarge ka, sai dai kowa ya san hannunka ya mutu. Takardun suna cikin aljihun teburina, ban taɓa liƙa wa Tomeji ko ɗaya ba.

Wata Litinin kwalinsa ya iso, na ɗauki wuƙar farko na rufe ido. Maimakon tak sai na ji wani lakwas. Na buɗe ido, ruwan ya karkata yana gogar ƙota. Cikin ɗari, goma sha biyu haka suke. Tausayi ya kama ni. Na ce kewar mata ta cinye wa tsoho ido. Mutumin da ya yi shekara hamsin da wani abu ba a taɓa mayar masa da aiki ba, ni Kikue ce zan tona masa asiri? Na lalubo gudumar marigayi mijina, na cire ƙusoshin, na sake bugawa. Na fasa farce biyu kafin na gane yadda ake shafawar nan ta huɗu.

Wata na gaba suka zama ashirin, daga baya rabin kwali. Ni kuwa na duƙufa, ina gyarawa, ina jin kaina wata mai kirki. In muka haɗu a kanti sai ya tsura mini ido, ya kira ni da “san” ɗin girmamawa irin namu, ya ce, “Kikue-san, aikin dai lafiya?”

In ce, “Lafiya lau, Tomeji-san. Hannunka sai ka ce na ɗan talatin.”

Sai in ga fuskarsa ta zube. Na ɗauka kunya ce. Haka muka yi shekara biyu cur.

Ranar takwas ga Nuwamba ake taron sallamar tsofaffin wuƙaƙe, inda ake tara waɗanda suka gama aiki, a yi musu addu'a da godiya kafin a narkar da su. Muna tsaye da hantsi, ni da Tomeji a baya. Ya daɗe yana kallon tulin almakasai da wuƙaƙen girki, sai ya ce a hankali, “Su dai sun huta. An ce musu an gode.”

Na ce, “Kai ma dai da abin dariya kake. Kishin tsohon almakashi kake yi?”

Ya juyo. “Kikue-san, ki gaya mini gaskiya. Kunnenki ne ya toshe, ko idonki ne ya tafi?”

“Nawa? Tsoho, ka iya bakinka. Kunnena ras yake.”

“To shekara biyu ina aiko miki da shara, ina jar takardata?”

Na ce, “Da gangan kake yi?”

“Da gangan mana! Kin san wuyar da nake sha kafin in buga ƙusa a karkace? Sai na kau da kai, in ba haka ba hannun ya ƙi. Na ce Kikue ba ta da haƙuri, mako uku ta sallame ni. Ina kika kai su?”

“Gyarawa nake yi.”

“Gyarawa!” Ya dafe kai. Mutanen gabanmu suka waiwayo, muka rusuna musu. Ya rage murya ya ce, “Fusae ta daina tambayata yaushe zan zo. Da tana tambaya duk Lahadi. Tun bazara ta daina.”

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, har na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, “Ba sai ka faɗa mini ba, kai ma? Bakinka ciwo yake?”

Ya ce, “In na faɗa ai na roƙa ke nan. Ke ma da kin tambaya.”

Mako uku a jere na liƙa jar takarda. Ta uku har da danna ta da babban yatsa. Hibino, wakilin kamfani, ya zo da alewarsa ya rusuna. Kafin ƙarshen wata Tomeji ya hau jirgin ƙasa da jaka ɗaya. Ya samu Fusae da ranta, 'yarsu ta ce da rana sukan zauna a baranda, yana fere mata lemo.

Bayan tafiyarsa da kwana huɗu Hibino ya dawo, wannan karon wurina, masu gidaje huɗu suna biye da shi. Ya ce sun yi mamakin yadda hannun da ya lalace haka ya shekara biyu ba a dawo da wuƙa ko ɗaya daga kasuwa ba. Sai mai fere ƙota ya ce shi ya daɗe yana jin ƙarar guduma daga gidana. Suka durƙusa su biyar, goshi a tabarma, suna roƙon in karɓi gudumar. Ni da na shirya in na cika saba'in in koma wurin ƙanwata a bakin teku, na buɗe baki in ce a'a, sai na ji na ce zan gwada.

Tomeji ya aiko mini da gudumarsa da damin takardar Mino, da 'yar wasiƙa wai in yafe masa. Yanzu ni ke bugawa, ni ke dubawa. Jiya na kau da kai na buga wata a karkace, na ajiye ta gefe, na ciro jar takarda na ɗora a kanta. Na zuba shayi, na zauna ina kallonsu, ina tunanin gidan da zan mayar wa kwalin. Kafin shayin ya huce na cire ƙusar na sake bugawa. Na rufe ido, ta ce tak, na sa ta a kwali na jawo ta gaba.