Saƙon Kawu da Manhaja Ta Zubar

Har in koma ga Mahaliccina ba za ni manta da ranar da na buɗe saƙonnin da manhaja ta zubar ba. Shekarar fari ce, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Wata ƙungiya tana raba wa makiyaya dusa a yankin Isa. Wakilanta suna zagaya ƙauyuka da waya, su rubuta sunan mutum da yawan dabbobinsa, su tura ta intanet zuwa babbar kwamfuta. A can manhaja ke karɓar saƙon, ta warware shi gurbi-gurbi, ta fitar da masu samun dusa.

Da yake gyaran manhaja aikina ne, aka kira ni in duba dalilin da mutanen ƙauyen Turba suka fito kaɗan, alhali wakilin can yana rantsuwa ya tura kowa. Na bi manhajar layi-layi, sai na ga lamba kawai aka koya mata karɓa a gurbin yawan dabbobi. In ta ci karo da kalma, sai ta jefar da saƙon ɗungurungum, ba ta gaya wa kowa.

Na buɗe inda take jefawa. Wakilin, bawan Allah, abin da aka faɗa masa yake rubutawa: wani ya ce saura biyu ba su tashi, wani ya ce ya daina ƙirgawa. Ashe waɗanda farin ya fi ci su ne aka zubar. Ina cikin karantawa na ga sunan kawuna, wanda muka sha nonon shanunsa muna yara.

Na gyara manhajar, washegari na bi motar dusa zuwa Turba. Na iske kawu zaune kusa da turakun da ba komai, sai saniya ɗaya duk haƙarƙari. Ya ɗauka an duba ne aka ga bai cancanta ba, shi ya sa bai kai kuka ba. Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗin lamba.

Ya ce, "Ɗana, mi za ni ce? Wadda ke kwance tana numfashi, in ƙirga ta ko in bar ta?"

Saniyar nan ta rayu. Sauran shanun kuwa, dusa ba ta riske su ba.

Tun daga ranar na gane cewa saƙon da na'ura ta kasa fahimta ba shara ba ne. A kai shi gaban ɗan Adam ya karanta, domin wanda abu ya fi ci wa rai ba kullum yake iya amsawa yadda aka tambaya ba.