Allon Gwaggo Thongbai

Shekara goma sha tara ke nan Gwaggo Thongbai tana wanki da guga a jirgin ruwanmu, mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido daga Huay Xai zuwa Luang Prabang, kwana uku a kan kogin Mekong. Ni kuma ina kicin, bango ɗaya ya raba mu. A bakin kogin aka haife ta, kusa da Pakbeng, ubanta matuƙin kwalekwale ne. Karatunta bai wuce aji biyu ba, yaren baƙi kuwa ko gaisuwa ba ta iya ba.

Tun ranar da ta ga wata baƙuwa ta hau matakalar haikali da takalmi mai tsini ta dawo ana tallabe da ita, Gwaggo ta samo allo ta rataye a ƙofar ɗakin cin abinci. Kullum da sassafe takan leƙa kogi, ta dubi hazon da ke kan duwatsu, ta shaƙi iska, sannan ta ɗauki alli ta zana abin da ya dace baƙi su sa: malafa, ko lema, ko zane mai rufe gwiwa in ranar shiga haikali ce. Ba wanda ya sa ta. Amma ka taɓa allon nan ka ga yadda ake faɗa.

Ruwan sama bai taɓa yi mata ba-zata ba. Sanyi ne ke ba ta kunya. Mu nan da Disamba ya kama, ma'aunin zafi ya sauko digiri goma sha takwas, kowa sai ya naɗe kamar jinjiri. Gwaggo hula biyu take sawa, kuma a ganinta duk mai rai haka yake ji.

A Disambar bara muka ɗauko tsofaffi ashirin daga Norway da mata shida daga Singafo. Tafiyar farko ce ta sabon manaja, Sisouk, wanda aka turo daga Vientiane da wayarsa mai faɗin yanayi. Safiyar farko Gwaggo ta zana kwat, hula mai tuntu, safar hannu da ta ƙafa. Sai ga mutanen Norway sun fito da gajeren wando da singileti. Suka tsaya gaban allo suna ta dariya, suna ɗaukar hoto. Gwaggo ta ga cinyoyin wata tsohuwa a waje, ta dafe ƙirji, ta sungumi bargo ta bi ta har saman jirgi.

Sisouk ya same ta a ɗakin guga.

"Gwaggo, matar nan ta ce sau uku kina lulluɓe ta tana yayewa."

"To in bar ta ta mutu a jirginmu?"

"Garinsu ƙanƙara ke rufe ƙofa, Gwaggo! Wannan a wurinsu bazara ce."

"Ɗan nan, fata dai fata ce."

"Na ji. In aka sake kawo min ƙara, zan sauke allon nan, in riƙa manna abin da waya ta ce."

Ta bi bayansa da harara. "Wayar tasa ta taɓa jin sanyi?"

Washegari ta ce ba za a sake yi mata dariya ba. Ta zana rana ƙatuwa, gajeren wando da silifa. Matan Singafo, bayin Allah, suka yarda da allo. Suka hau sama da 'yan riguna marasa hannu don ganin hazo, jirgi na tsaga iska a tsakanin duwatsu. Ba su yi minti ashirin ba suka gangaro haƙora na haɗuwa. Tukunya biyu ta ruwan citta na dafa musu.

"Shi ke nan," in ji Sisouk. "Gobe muna isa Luang Prabang allo zai sauka."

Da rana ta shigo kicin ta zauna a kan buhun shinkafa. Na miƙa mata kwandon shinkafa mai danƙo, ta ture.

"Chanpheng, na ce sanyi an ce na yi ƙarya, na ce zafi an ce na yi ƙarya. To me ake yi a kogin nan?"

"Gwaggo, ki zana rabin kwat mana."

"Ke dai bakinki ya fi wuƙarki kaifi."

Ta tashi ta koma kan wankinta. Can sai na ji ta tana kwaɗa min kira ta bango. Na same ta tsakiyar jakunkunan wanki, kowace da lambar ɗaki, tana ɗaga riguna tana shinshinawa.

"Taɓa nan. Ɗaki na biyu, jiƙe sharkaf da gumi. Na tara kuwa riga uku a cikin juna, a haɗe aka cire su, ga warin man zafi. Shekara goma sha tara ina kallon sama, ashe rabin labarin yana cikin kwandona!"

Safiyar ƙarshe allo ya fito da layi a tsakiya. Dama rana da gajeren wando, hagu kwat da hula, ƙarƙashin kowanne lambobin ɗakuna. Baƙi suka yi cincirindo, kowa na neman lambarsa. Ɗaki na biyar kaɗai ya fito a ɓangare biyu, lambar da ke hagun an zana mata gashin baki.

Sisouk ya yi fiƙi-fiƙi da ido. "Gwaggo, na biyar ai 'yan Norway ne!"

"Matar ce 'yar Norway. Mijin irinmu ne, sanyi yake ji. Kwana biyu yana sa kayan barcinsa a ƙarƙashin riga don kada a yi masa dariya."

Tsohon, siriri mai gashin baki, ya matso yana tambayar me aka ce. Sisouk ya fassara yana sosa ƙeya. Matar ta fashe da dariya har tana riƙe bango. Shi kuwa tsoho ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji irin gaisuwarmu, ya yi dogon bayani.

"Wai me yake cewa?" in ji Gwaggo.

"Wai shekara arba'in da aure, sai yau aka samu mai gaskata shi. Yana tambaya ko kina da hula ta aro."

Nan take ta cire ɗaya daga kanta ta kafa masa. Matan Singafo, cikin kwat ɗinsu, suka sa tafi.

Da aka watse Sisouk ya daɗe tsaye gaban allon.

"A bar shi a wurinsa," ya ce a hankali. "Amma Gwaggo, ki daina tona asirin mutane."

"Su daina ba ni wanki mana. Kauce, ɗan nan, ka tare min hanyar shanya. Rana za ta fito ƙarfe tara."